Mara Lafiya Ba Ya Taya: Me Ya Sa Jinya Ta Fi Tsada a Wata Ƙasa Fiye da Wata?

A shekarar 1921 ne aka gano insulin a birnin Toronto na Kanada, allurar nan da rayuwar masu ciwon sukari da yawa ta rataya a kanta. Shekara biyu bayan haka masu binciken da aka rubuta haƙƙin mallakar maganin da sunansu suka sayar wa Jami'ar Toronto da shi a kan dala ɗaya kowannensu, don kada tsada ta hana wani samu. Kusan shekara ɗari bayan nan, cibiyar bincike ta RAND ta duba farashin da kamfanoni suka sa wa insulin a 2018, ta tarar da abin da ake sayarwa wajen dala 99 a Amurka, a Kanada dala 12 ne, a Birtaniya kuwa bai kai dala 8 ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar a ko'ina, wato Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi. Ruwan da ke cikin kwalbar bai sauya ba don an tsallaka iyaka, abin da ya sauya shi ne wanda ya zauna ya yi ciniki da mai kaya. A ganina wannan ɗan misalin ya ɗauke mafi yawan bayanin tsadar jinya tsakanin ƙasashe: ƙasar da ta bar kowane majinyaci ya ji da kansa, ko ta warwatsa masu saye, tana biya da tsada, wadda ta tara masu saye a bayan baki ɗaya mai ƙarfi kuma tana samun sauƙi.

Alƙaluman ba su da wuyar karantawa. A 2023 Amurka ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, wato kusan dala 14,500 a kan kowane mutum, ko kashi 17 da ɗoriya cikin ɗari na duk abin da tattalin arzikinta ya samar a shekarar. Jamus da Faransa suna kashe wajen kashi 12, Birtaniya da Japan da Kanada wajen kashi 11. Idan aka raba bisa yawan jama'a, sauran ƙasashe masu arziki suna kashe kusan rabin abin da Amurka ke kashewa, kuma da wannan rabin suke rufe kowa da inshora, alhali a Amurka mutum wajen miliyan 26 ba su da ita sam. Akwai wani abin da ya fi wannan ɗaure kai. Kuɗin da hukumomin Amurka kaɗai ke zubawa a lafiya daga haraji, idan aka raba a kan kowane ɗan ƙasa, ya kai duk abin da Birtaniya ke kashewa a kan mutum ɗaya, na gwamnati da na aljihu gaba ɗaya. Ba'amurke ya riga ya biya kuɗin da a Ingila zai ishe shi jinya kyauta, sannan ya koma ya sake biyan kamfanin inshora. Duk da haka tsawon ran da ake tsammani ga jaririn da aka haifa a Amurka a 2023 shekara 78 ne da 'yan watanni, a Japan kuwa wajen 84.

Abin da mutum zai fara zato shi ne Amurkawa sun fi kowa zuwa asibiti. Ba haka ba ne. Mutumin Japan yakan ga likita fiye da sau 11 a shekara, Ba'amurke wajen sau 4. Japan na da gadon asibiti fiye da 12 ga kowane mutum 1,000, Jamus kusan 8, Amurka ba ta kai 3 ba. Ko likitoci ma Jamus ta fi ta yawa bisa lissafin jama'a. Tun 2003 wasu masana tattalin arzikin lafiya, cikinsu har da Gerard Anderson da marigayi Uwe Reinhardt, suka wallafa nazarin da ya nuna cewa bambancin yana ga farashi, kuma a 2018 wani nazarin da masu bincike na Harvard suka yi ya sake isa wuri guda. Kwana ɗaya a gadon asibiti, hoton ƙwaƙwalwa, karɓar haihuwa, tiyatar gwiwa, albashin ƙwararren likita, kusan kowanne ya fi tsada a can. Mudun dai ɗaya ne da na maƙwabta, kuɗin mudun ne ya ninka.

Don a gane dalilin da farashi ke iya tashi haka ba tare da kasuwa ta ja masa birki ba, sai an duba yadda ciniki ke gudana a kasuwar da muka sani. Mai sayen saniya yana dubawa, ya taya, a ce masa albarka, ya juya ya nufi wani turke, kuma wannan juyawar ita ce makaminsa. Mai kaya ya san za a iya barinsa da kayansa. Majinyaci ba shi da wannan makamin. Wanda zuciyarsa ta buga da tsakar dare ba ya zagaya asibitoci yana tambayar farashi, kuma matar da haihuwa ta zo mata da gardama ba za ta ce a dakata sai kasuwa ta faɗi ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ban da gaggawa akwai rashin sani, domin mai sayarwar shi ne mai faɗa maka abin da kake buƙata: likita ne zai ce a yi gwaji kaza, a yi tiyata kaza, kai ba ka da ilimin da za ka musa. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya yi bayanin wannan tun 1963, cewa jinya ba ta bin ƙa'idar kasuwa irin ta sauran kayayyaki. Tun da mai ciwo ba zai iya taya wa kansa ba, dole wani ya taya masa, kuma tarihin tsarin lafiya na kowace ƙasa tarihin wanda aka ba wannan aikin ne.

Amurka ba ta zauna ta zaɓi nata tsarin ba, faɗawa ta yi cikinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi, sai suka koma jan ma'aikata da inshorar lafiya, daga baya dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a cire haraji daga wannan alfarmar. Daga nan inshora ta ɗaure da wurin aiki, har yau kusan rabin jama'ar ƙasar ta nan suke samunta. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Medicare don tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid don masu ƙaramin ƙarfi, a 2010 kuma dokar Shugaba Obama ta toshe wasu ramuka. Sakamakon wannan faci a kan faci shi ne ɗaruruwan masu biya, kowane da yarjejeniyarsa ta daban da kowane asibiti. Aiki ɗaya a asibiti ɗaya yana iya samun farashi goma, gwargwadon katin da ke aljihun majinyaci. Nazarin RAND ya nuna kamfanonin inshora masu zaman kansu suna biyan asibitoci fiye da ninki biyu na abin da Medicare ke biya a kan aiki iri ɗaya, domin Medicare babba ce, ita ke yanka nata farashin, su kuwa sai sun lallaɓa. A ɗaya ɓangaren asibitoci sun yi ta haɗewa suna zama manyan rukunoni, ta yadda a garuruwa da yawa babu wani turken da za a juya a nufa. Sannan ga kuɗin takarda: rundunar ma'aikata a asibiti tana rubuta lissafi, wata rundunar a kamfanin inshora tana neman hujjar ƙin biya. Nazarin 2018 ɗin nan ya ƙiyasta cewa gudanarwa na cin kashi 8 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Amurka, a sauran ƙasashen da aka gwada kuwa kashi 1 zuwa 3. A 2024 inshorar iyali ɗaya ta hanyar wurin aiki ta haura dala 25,000 a shekara. Ma'aikaci yana ganin kamar kamfani ne ke ɗauke masa mafi yawanta, amma daga ƙarin albashin da bai taɓa gani ba ake cirewa.

Sau da yawa akan ɗauka cewa maganar duk ta gwamnati ce da 'yan kasuwa, wai inda jinya ke da sauƙi gwamnati ce ta mallaki asibitoci. Birtaniya ta yi kama da wannan hoton. Tun ranar 5 ga Yuli 1948 da Aneurin Bevan ya ƙaddamar da hukumar lafiya ta NHS, haraji ne ke biya, mafi yawan asibitoci na hukuma ne, kuma tun 1999 akwai wata hukuma mai suna NICE da ke auna kowane sabon magani, ta duba ko amfaninsa ya kai kuɗinsa kafin a saya. Jamus kuwa, wadda Bismarck ya kafa mata inshorar ma'aikata tun 1883, tana da asusun inshora wajen 100, likitocinta masu zaman kansu ne, asibitocinta wasu na coci ne wasu na 'yan kasuwa. Sai dai asusun nan suna zama a matsayin ƙungiya ɗaya su yi ciniki da ƙungiyar likitoci, kuma tun 2011 sabon magani sai ya nuna ya fi wanda ake da shi kafin a yarda masa da farashi mai tsoka. Japan ta fi kowa ba da darasi. Mafi yawan asibitocinta masu zaman kansu ne, masu inshora sun haura dubu, amma tun da ta rufe kowa a 1961 littafin farashi ɗaya ne ke aiki a duk ƙasar, daga ɗinkin rauni har tiyatar zuciya, ana sabunta shi duk shekara biyu. Idan hukuma ta ga wani gwaji ya fara yawa fiye da kima, sai ta rage masa kuɗi. A 2017, da maganin kansa mai suna Opdivo ya fara cin asusun, ta zaftare rabin farashinsa lokaci guda. Hanyoyin sun bambanta ƙwarai, abin da ya haɗa su shi ne a kowacce akwai wanda zai iya ce wa mai kaya ba ma saye a haka, kuma mai kayan ya san miliyoyin mutane ne ke bayan wannan kalmar.

Masu musu suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce Amurkawa sun fi ƙiba, bindiga da haɗarin mota da ƙwayoyi masu sa maye suna kashe matasansu, don haka bai kamata a ɗora wa asibiti laifin gajeren rai ba. Wannan gaskiya ne game da tsawon rai, kuma duk mai adalci zai yarda cewa idan cutar kansa ce ta kama mutum mai inshora mai kyau, da wuya ya sami inda ya fi Amurka. Amma hujjar ba ta taɓa batun kuɗi ba. Japan da Jamus sun fi Amurka yawan tsofaffi bisa lissafin jama'a nesa ba kusa ba, tsufa kuwa shi ne babban mai cin kuɗin jinya, ga shi Turawa da yawa sun fi Amurkawa shan taba. Ƙibar mutum ba ta bayyana dalilin da kwalbar insulin ɗinsa ta ninka ta ɗan Kanada sau takwas. Akan kuma ce wancan farashin na kan takarda ne, ana yin ragi a bayan fage. Haka ne, ana yi, amma ko bayan ragin farashin ya kasance fiye da ninki biyu, kuma ragin yakan bi ta hannun dillalai ne. Kamfanoni uku na irin waɗannan dillalan ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na takardun magani a ƙasar, kuma tun da la'adarsu na da alaƙa da girman ragin, farashin kan takarda mai tsawo bai dame su ba. Marar inshora shi ke biyan na takardar cif.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: tsadar Amurka ce ke biyan kuɗin binciken sababbin magunguna, sauran duniya kuma na cin arziki a bagas. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kaso mafi tsoka na ribar kamfanonin magani daga Amurka yake fitowa, kuma da ribar ta ragu sosai wasu magungunan ba za su fito ba. Sai dai maganin da ake saye da takardar likita kashi 9 ne kawai cikin ɗari na kuɗin lafiyar ƙasar, asibitoci kuwa suna cin wajen kashi 31, likitoci da ɗakunan shan magani wajen 20. Babu wani sabon magani da ake ganowa don an caji mai jego kuɗi ninki biyu a kan gado. Tushen bincike kuma, wanda ba ya kawo riba nan take, haraji ne ke ɗaukar yawancinsa ta cibiyoyin binciken lafiya na gwamnati da ke samun dala biliyan 40 da ɗoriya a shekara. Insulin ya kai shekara ɗari, amma kwalbar nau'insa mai suna Humalog da ta fito a kan dala 21 a 1996 ta kai wajen dala 275 kafin 2019, ba tare da an sake mata komai ba. Da matsin lamba ya yi yawa, a 2023 kamfanonin insulin ukun nan suka sanar da rage farashin manyan nau'o'insu da kashi 70 ko fiye, ba kuma wanda ya rufe masana'anta. Dokar 2003 da ta shigar da magani cikin Medicare ta haramta wa gwamnati yin ciniki da kamfanoni a fili ƙarara, sai dokar 2022 ta buɗe ƙofar ga magunguna 10 na farko. A zaman farko, Januvia na masu ciwon sukari ya sauko daga dala 527 zuwa 113 a wata.

Hujja ta uku ita ce layi. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma a Satumban 2023 jerin masu jiran jinya a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7.7. Kanada ma an san ta da dogon jira kafin ganin ƙwararre. Wannan aibi ne na gaske, mai ciwon ƙugu da ya yi shekara yana jiran tiyata ba zai ji daɗin labarin sauƙin kuɗi ba. Amma jira ya fi alaƙa da ƙarancin gadaje da ma'aikata, abin da Birtaniya ta jawo wa kanta da shekarun tsuke bakin aljihu bayan 2010. Jamus da Japan suna yanka farashi, kuma layinsu gajere ne. Amurka ita ma tana da nata layin, sai dai ba a rubuta shi a takarda: shi ne mutumin da ke raba allurarsa biyu don ta kai ƙarshen wata, da wanda ya ƙi kiran motar asibiti don tsoron lissafi, da miliyoyin da bashin jinya ya yi wa katutu.

Ba sai ƙasa ta yi arziki ba kafin ta iya wannan cinikin. Lokacin da maganin ciwon hanta nau'in C mai suna Sovaldi ya fito a ƙarshen 2013, dala 84,000 aka sa wa jinyar mako 12 a Amurka, ƙwaya ɗaya dala 1,000. Masar, wadda cutar ta fi addaba a duniya a lokacin, ta zauna a matsayin mai saye ɗaya ta samu a kan wajen dala 900, daga baya masana'antunta suka riƙa yin nasu a ƙasa da haka sosai, ta gwada mutum miliyan gommai ta yi wa miliyoyi magani. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin magunguna uku na cutar ƙanjamau a kan dala 350 a shekara, lokacin da ake sayar da irinsu fiye da dala 10,000. Tailan ta rufe kusan kowa da inshora tun 2002 da kuɗin da na shekaru masu yawa bai wuce wajen kashi 4 cikin ɗari na arzikinta ba.

A nan ne mai karatu a Kano ko Maradi zai ga inda zancen ya shafe shi. Idan da dala ake aunawa, jinya a Najeriya araha ce, domin abin da ake kashewa a kan mutum ɗaya a shekara bai kai dala 100 ba. Amma fiye da kashi 70 cikin ɗari na wannan kuɗin daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita, a bakin tagar biya, a ranar da ciwo ya kama. Ko Amurka da ake kuka da ita, kason aljihu wajen kashi 10 ne da ɗoriya. Tsadar da ta fi ciwo ita ce wadda ke sa a sayar da gona ko akuyar kiwo, ko a bi masallaci da takardar likita ana neman taimako, kuma ta wannan ma'aunin mai saye a nan ya fi na ƙasashen da aka ambata zama shi kaɗai a gaban mai kaya. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma kason gwamnatin tarayyar Najeriya yakan tsaya wajen kashi 5. Ghana ta kafa inshorar ƙasa a 2003 don kawar da tsarin biya kafin a taɓa ka, Nijar ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, kuma duka biyun sun sha fama da matsala ɗaya: idan hukuma ta yi jinkirin biyan asibitoci, magani yakan ƙare a kanta, a koma rubuta wa mutane takarda su je kemis. Dokar da Najeriya ta yi a 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma Amurka ta isa shaida cewa katin inshora shi kaɗai ba ya sauke farashi. Abin dubawa shi ne ko hukumar inshora ta ƙasa da takwarorinta na jihohi za su tara mutane da yawa har su iya sayen insulin da maganin hawan jini a sari, su yanka wa asibitoci farashi ɗaya a kan tiyatar haihuwa, sannan su biya kuɗin a kan lokaci.